Yadda Attahir Mai Burodi Ya Daina Sanin Komai

Duk wanda ya taɓa jiran motar arewa a tashar Tawa ya san Attahir mai burodi, ko da bai san sunansa na yanka ba. Gajere ne mai tumbi, hannayensa duk tabon ƙuna, kuma tun daga ƴan kamasho har mata masu tuwo Janar suke ce masa. In baƙo ya tambaye shi a wace runduna ya yi aiki, sai ya kaɗe garin fulawa daga gemunsa ya ce, "A gindin tukunyar shayi anka naɗa ni. Can na yi yaƙe-yaƙena duka, kuma ban taɓa shan kashi ba sai ranar da na hita daga gari."

Haifaffen Afala ne. Ubansa yana da gona a kan fako wadda duwatsunta suka fi geronta yawa, don haka Attahir na tasawa ya yi abin da samarin Adar ke yi bayan kaka, ya tafi biɗa. Yayyensa biyu Abijan suka nufa. Shi kuwa ya ji an ce a Libiya burodi ya fi ruwan sha araha, sai ya ce ƙasar da ke haka ba za ta bar mutum da yunwa ba. A kan wannan kaɗai ya yanke shawara, kuma har yau yana cewa bai taɓa yin tunani mai zurfin wannan ba.

Shekara takwas ya yi a gidan burodin wani tsohon Balarabe a garin Zawiya. Sau biyu ya zo gida a tsakani, a zuwan farko ya auri Kadidiya, a na biyu ya tarar da ƴarsu Shamsiya tana rarrafe. Larabcin da ya koya bai wuce kawo, ɗauke, yi sauri ba, sai zagi iri huɗu. Su shida suke kwana a ɗaki guda, duk ƴan Nijar, ranar Juma'a kuma su zama bakwai, don Issouf yana shigowa gari. Issouf makiyayi ne daga arewacin Barmu, dogo, siriri, marar yawan magana, yana kiwon tumakin wani Balarabe a bayan gari. Attahir ya riƙa ajiye masa burodi biyu duk mako. Attahir na zuba, Issouf na taunawa yana gyaɗa kai, a haka abotarsu ta ginu.

Da yaƙi ya tashi a shekarar 2011, jiragen Turawa suka fara ruwan wuta, Attahir ya yi kwana uku yana shigewa ƙarƙashin teburin kwaɓa duk sanda ya ji ƙara, har da ranar da ƙofar maƙwabci ce iska ta buga. Tsohon ya rufe gidan burodin. Attahir da Issouf suka kama hanyar kudu.

A lokacin duk baƙar fatar da aka kama a hanya sojan haya ake ce masa. A wani shinge samari masu bindiga suka sauke su, suka sa Attahir ya tuɓe riga, suna duba kafaɗarsa ko za su ga kantar maratayin bindiga. Ba su ga komai ba sai tumbi da tabon tanda. Ɗayansu ya yi wata magana, sauran suka fashe da dariya. Kalma guda Attahir ya gane a ciki, ita ce kaza. Issouf suka riƙe, don tsawonsa da rawaninsa da kaushin hannunsa. Attahir ya ji bakinsa na magana ba da izininsa ba, yana nuna Issouf yana kukan tunkiya, yana ce musu da Hausa su shinshina shi su ji. Wani ya matso ya shinshina, ya toshe hanci, suka kore su duka biyu. Daga baya in an yaba masa, Attahir yakan ce tsoron ƙetare hamada shi kaɗai ne ya yi magana, ba shi ba.

A cikin hamada zazzaɓi ya kama shi a saman babbar mota, inda mutum ke zama a kan kaya ƙafafunsa na reto. Wanda ya faɗo ba a tsayawa ɗaukarsa. Issouf ya warware rawaninsa ya ɗaure Attahir da sandar da ake riƙewa, da irin ƙullin da makiyaya ke yi wa raƙumi, ya riƙa ɗiga masa ruwa a baki har Dirku. A tashar Tawa suka rabu. Issouf ya ce zai sayi dabbobi ya koma gida. Suka yi alkawarin ziyara, kuma ba wanda ya cika.

Attahir ya ɗauko Kadidiya daga Afala, ya gina tandar ƙasa a bayan tasha, ya kama sana'arsa. Burodinsa ya yi suna don yana kwana uku bai bushe ba, abin da motocin kasuwannin arewa ke so. Amma sana'arsa ta biyu ita ta fi ba shi suna. Kullum bayan la'asar akwai fada a ƙofar gidan burodin, ana dafa shayi ana jin rediyo, kuma a cikin mazauna fadar shi kaɗai ne ya taɓa jin ƙarar bam. Da farko gaskiya yake faɗa, har da teburin kwaɓa. Da shekara ta zagayo teburin ya fita daga labarin. Shekara ta uku kuwa samarin shingen sun tsare shi ne don sun ga alamun kwamanda a fuskarsa. A nan sunan Janar ya fito, kuma bai ƙi ba.

Da wuta ta kama Mali, ta gangaro kan iyakar Nijar, aka fara jin an kashe sojoji a can, an ƙone lakwal, wato makarantar boko, a can, sai kowa ya juyo wajen Attahir. Yakan jera kofunan shayi a kan tabarma. Wannan Libiya ce, wannan Mali, wannan mu ne, butar kuma Turawa. Sai ya sa butar ta ture kofin Libiya.

"Kun gani? Rumbun makamai ne sunka fasa. Abin da ya zube shi ne ya gangaro mana. Duk mai bindigar da kunka ji labari baƙo ne, Balarabe ne ko wani can. Ɗan ƙasar ga ba ya yanka ɗan'uwansa. Ku rubuta ku aje."

Mutum guda ne ke ja da shi, Mushe Souleyman, malamin lakwal ɗan Damagaram da aka turo aiki Tawa. Mushe dai haka ake kiran malaman lakwal a nan. Shi yakan ce, "Janar, makaman daga can suka zo, na yarda. To hannun da ya ɗauka fa, shi ma jirgi ya sauke shi?"

"Mushe, kai a takarda ka karanta yaƙi. Ni a kaina anka yi shi."

Da wannan yake rufe bakin kowa. Ya ce abin ba zai wuce wata shida ba, ya yi shekara goma. Ya ce ba zai taɓa ƙetaro jihar Tawa ba, ya ƙetaro. Aka hana hawan moto, wato babur, a arewa, wasu kasuwanni suka mutu, mutanen rugage suka fara shigowa gari da tabarmi a ka. Duk sanda maganarsa ta faɗi, sai ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan.

Da aka ji sojojin Turawa sun kafa sansani a arewa suna horar da sojojin ƙasa, Attahir ya yi mako guda yana tsine musu. Ya ce wanda ya kunna wuta ne ya dawo da guga. Ya ce duk ɗan Adar da ya miƙa musu ko ruwan sha ya ci amanar kakanninsa. Ana cikin haka wani ɗan kwangila mai kai abinci sansanin, Alhaji Alhusaini, ya aiko a tambaye shi ko zai iya buhu shida na burodi duk Talata.

Ya iya. Kafin wata ya ƙare bayaninsa a fada ya ɗan karkata. Turawa iri-iri ne, in ji shi, akwai masu jefa bam akwai masu koyarwa, kuma bai kamata mai hankali ya haɗa su ba. Ya ƙara da cewa babban kwamandansu ba ya karya kumallo sai da burodin Attahir. Ba wanda ya faɗa masa haka. Shi ya zauna ya auna ya ga ba yadda za a yi ya zama ba haka ba.

Kadidiya tana jin komai ta katanga. Ran nan tana zuba masa tuwo ta ce, "Baban Shamsiya, kakannin naka da anka ci amanarsu, sun yahe ne, ko buhu shida anka kai musu su ma?"

"Ke ba ki san siyasar duniya ba."

"Ban sani ba. Amma na san ranar da ka canza."

Abin ya ci gaba da cin ransa cewa kwamandan na cin burodinsa bai san fuskarsa ba. Bayan babbar sallar 2022 ya sa tela ya ɗinka masa farar riga da doguwar farar hula irin ta masu dafa abinci a otal, ya ce wannan Talatar da kansa zai kai kaya. Kadidiya ta ce hanyar ba ta da kyau. Ya ce wanda ya ƙetare hamada ba a ba shi labarin hanya. Rabi'u, direban motar kasuwar da ke ɗaukar buhunan, shi ma ya ce ya cire hular ko don Allah. Attahir ya ƙi.

Sun fita bayan sallar asuba. A bayan motar akwai mutum kamar ashirin, da buhunan gero, da jarkokin mai. Kusa da Attahir wani dattijo ne mai farin gemu, wakilin maigarin wani ƙauye a arewa, ya zo Tawa karɓar magani. Ya ɓara goro ya ba Attahir rabi, shi kuma Attahir ya saka masa da cikakken bayanin tushen ta'addanci tun daga Libiya. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah shi kyauta."

Da hantsi, sun bar hanya mai kyau sun shiga rairayi, sai ga motoci masu ƙafa biyu sun fito daga bayan wani tudu, sun kai goma, kowane da mutum biyu, fuskoki a rufe. Rabi'u ya taka birki. Kafin motar ta gama tsayawa Janar ya nutse tsakanin buhunan burodinsa, ya ja ɗaya ya rufe kansa. Ya manta da ƙafafunsa. Da su aka jawo shi, ya faɗo ƙasa, hular na kansa ba ta ko karkace ba. Ya ji ɗumi na bin cinyarsa, ya san abin da ya faru, bai kuma damu ba.

Aka kwantar da kowa rubda ciki. Wani mai kaurin murya ya sa bakin bindiga ya ɗaga hular.

"Kai, wannan kayan na wane ne? Wa kake yi wa aiki?"

Da Hausa ya yi tambayar, Hausar Adar tsantsa, irin wadda ake yi a kasuwar Barmu. Ko a cikin wannan hali sai da Attahir ya lura da haka.

"Na kasuwa ne, ranka shi daɗe. Burodi ne. Talaka ne ni."

"Talaka da hular Nasara?"

Shekara goma sha ɗaya Attahir yana magana ba hutu, ranar da ake bukatar kalma guda ya rasa ta. Sai wani dogo daga baya ya ce, "Bar shi. Na san shi. Mai tanda ne a Tawa, ko kaza ba ya iya yankawa." Aka yi ƴar dariya, bindigar ta bar kansa.

Ya gane muryar kafin ya ga idanun. Dogon ya taɓa shi da ƙafa ya ce ya tashi ya sauke buhunan ya ɗaura musu a kan moto. Wasu na kwashe jarkokin mai, wasu na duba wayoyin mutane. Attahir na ɗaurin buhu, dogon na tsaye a kansa.

"Issouf," ya ce a hankali.

"Ɗaura kayanka."

"Mi ya kai ka?"

Issouf ya zura hannu cikin buhu. Ya zaro burodi guda, ya sassauta rawani ya gatsa. Ya rame ƙwarai, haƙoransa biyu na gaba babu.

"Tumakin da na saya, fari ya ci rabi, ɓarayi sunka kore sauran. Sau uku ina kai ƙara. Ƙanena ya bi sawu, ƴan banga sunka tare shi a bakin rijiya sunka ce ɗan ta'adda ne. Ni na wanke gawarsa. Waɗanga su kaɗai sunka zo mini gaisuwa."

Yana rufe baki aka kira shi. Sun ware dattijon nan mai goro, an ga sunansa a wata takarda. Issouf ya sa sauran burodin a aljihu, ya je ya juya hannayen tsohon baya, ya ɗaure. Attahir ya ga ƙullin. Shi ne wanda aka yi masa a saman mota a hamada. Tsohon bai roƙi kowa ba, sai ya ce wa Rabi'u a kai maganin gidansa, na matarsa ne.

Da Issouf ya dawo ɗaukar motonsa, Attahir ya ce, "Shi wanga mi ya yi maka?"

Issouf ya dube shi, ya ja rawani ya rufe fuska. "Kada ka sake biyo hanyar ga," ya ce. Suka tafi da tsohon a tsakiyar mutum biyu. Ba a sake ganinsa ba.

Rabi'u ya ce gaba ta fi baya kusa, don haka suka ƙarasa. Da azahar Attahir ya tsaya a ƙofar sansanin da ya yi wata takwas yana ba da labarinsa, ba burodi, wandonsa ya bushe da shati. Abin da ya gani katanga ce ta buhunan rairayi da waya mai ƙaya. Rabi'u ya ba sojojin ƙofa labarin abin da ya faru, aka yi ta kiran waya. Attahir na zaune a inuwar mota, wani ɗan ƙasa mai aikin shara a ciki ya kawo masa ruwa. Da ya ji shi ne mai burodin Tawa sai ya yi murna, ya ce su leburori da masu gadi suna jin daɗinsa ƙwarai.

"Kwamandan fa?" in ji Attahir.

"Wane? Nasara? Ai su nasu a jirgi yake zuwa, daskararre, su gasa abinsu. Ko ruwanmu ba su sha."

Duk zamansa a wurin Bature guda ya hanga, daga nesa, shi ma ƙeyarsa.

Kwana biyu bayan haka ya dawo Tawa cikin rakiyar sojoji. Jandarmomi suka ɗauki bayaninsa, ya faɗi abin da ya gani, ya faɗi sunan Issouf. Ya yi ta juya wannan a ransa kafin ya faɗa, ya tuna ruwan da aka ɗiga masa a baki, ya tuna tsohon da maganin matarsa, ya faɗa. Kadidiya ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya. Ta wanke wandon, ta yanka farar rigar ta yi matatar koko da ita. Wannan shirun nata ya fi masa gorin ciwo.

Fada ta cika ranar da ya fito, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Kowa na jiran yadda Janar ya yi da ƴan ta'adda. Shi ma ya san labarin da ake so, ya ma fara jin yadda zai tsara shi. Sai ya ji kansa yana cewa, "Na ɓoye cikin buhu, anka jawo ni ta ƙafa, na yi fitsari a wando." Aka yi dariya, ana zaton wasa ne. Da ya kai kan dattijon dariyar ta mutu.

Mushe Souleyman ya tura masa kofuna gabansa, ba da tsokana ba. "To yanzu ina tushen yake, Janar?"

Attahir ya ɗauki kofin Libiya ya ajiye. Wannan dai da idonsa ya gani, ba zai janye ba. Ya ajiye na farin da ya ci tumaki, ya ajiye na ɓarayin dabbobi, da na ƙarar da ba a saurara ba, da na ƴan banga, da na masu wa'azin da ke zuwa gaisuwa da bindiga. Kofuna suka ƙare, aka miƙo masa murfin buta.

"Issouf ne ban san inda zan sa shi ba," ya ce. "Mutum nawa anka kore wa dabbobi ba su ɗaure tsohon kowa ba? Ni na san shi, Mushe. Ya ba ni ruwansa yana jin ƙishirwa. Ban sani ba."

Mutanen fada sun ce wannan ne karo na farko da suka ji kalmar daga bakinsa. Wasu ba su ji daɗi ba. Wani tela ya ce shi dama don bayani yake zuwa, in rashin sani ne yana da nasa a gida.

Shekara ta zagayo, mulki ya canza a Yamai, aka ce sojojin waje su tattara su tafi. Ranar da aka yi gangami a Tawa, Attahir ya fita. Ya yi tafiya cikin rana, ya ɗaga hannu, ya yi ihu har muryarsa ta dushe, kuma da gaske yake, don bai manta da jiragen Zawiya ba. A hanyar komawa gida ya tuna cewa buhu shidan Talata yake kora da bakinsa. Ya faɗa wa Kadidiya, ta ce, "Ai ba komai, kwamandan zai saba da rashinka." Sansanin ya watse daga baya. Hare-haren ba su tsaya ba, kamar yadda ba su tsaya ba sanda sojojin ke nan. Da aka tambaye shi a fada ko yanzu za a samu lafiya, ya ce a tambayi mai rediyo.

Wata safiya a farkon bazara yana fitar da burodi daga tanda, wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, ta manyanta, zanenta ya koɗe. Ta ce sunanta Mariya, daga arewacin Barmu, yanzu suna zaune a bukkokin ƴan gudun hijira a gefen gari. An ce mata akwai mai burodi a tasha da ya ga ƙanenta Issouf.

Attahir ya ajiye matuƙin tanda. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya kira Kadidiya ta kawo ruwa.

"Yaya, na gan shi. Shekara biyu ke nan."

"Ya rame?"

Ya yi shirin tambayoyi da yawa, ban da wannan. "Ya rame," ya ce. "Amma ya ci burodi a gabana."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ta goye shi da uwarsu ta rasu. Ta ce shekara huɗu ba ta sa shi a ido ba, kuma mutanen da yake tare da su ne suka kore su daga ƙauyensu, suka ba su wa'adi zuwa faɗuwar rana. A bukkokin ba ta faɗin sunansa, don maƙwabtanta kowa da wanda aka kashe masa.

Kadidiya ta yi wa mijinta ido ya tsaya nan. Ya gani, amma ya ci gaba. Ya ba ta labarin dattijon, da ƙullin, da maganin. Ya kuma ce mata shi ya ba jandarmomi sunan. Yana faɗa yana jiran ta tashi ta zage shi. Mariya ta tambayi sunan ƙauyen tsohon. Da ya faɗa sai ta rufe bakinta da gefen zane.

"Na san gidan. Matarsa na nan bukka ta uku daga tawa. Tare muke ɗibar ruwa."

Burodin da ya rage a tanda ya ƙone, ƙaurinsa ne ya tashe su. Attahir ya zabura ya fito da shi baƙi ƙirin, guda goma sha biyu, yana busa yatsunsa yana salati. Mariya ta tashi ta taya shi kankare waɗanda za su ciwu. Da za ta tafi ya cika mata leda biyu da mai kyau, ta karɓi ɗaya. Ya ce ɗayar ba tata ba ce, ta bukka ta uku ce, kuma kada ta ce daga ina. Ta tsaya tana duban ledar, sannan ta karɓa.

Tun daga ranar duk Juma'a tana zuwa, ta share gaban tandar, ta tafi da leda biyu. Ba ta sake tambayar Issouf ba, kuma har yau ba wanda ya san ko yana raye. Ko ta faɗa wa maƙwabciyarta abin da ta ji, Attahir bai tambaya ba.

Kada a ce ya warke gaba ɗaya. A daminar bana ya dubi gabas ya tabbatar wa duk tasha cewa ba za a yi ruwa ba sai bayan kwana goma, ya hana Kadidiya rufe itacen tanda. Kafin la'asar aka yi ruwan da ya rushe katangar maƙwabci. Washegari babu burodi a tashar arewa, matafiya suka karya da ƙosai.